Yaranmu Su Fara Binciken Gizo-gizon Kibiya

A shekarar 2014 wasu masana na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Sulaiman Sadi Ibrahim, tare da abokan aikinsu na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool a Ingila, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan sauron Bunkure da na Auyo. Sun ɗebo tsutsar sauro daga wuraren da ruwa ke kwanciya, suka rene ta har ta yi fiffike, suka gwada ta da irin magungunan da ake jiƙa gidan sauro da su, sannan suka duba DNA ɗinta. Labarin bai yi daɗi ba. Sauron ya daina jin magani yadda ya kamata, kuma da yawa daga cikinsa yana ɗauke da wani ɗan sauyi a ƙwayar halittarsa wanda ke ba shi wannan taurin rai.

Bunkure maƙwabciyarmu ce, kuma sauro bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a ƙasar Kibiya, ina kuma taɓa noman dawa da gyaɗa da 'yar shinkafa a fadama. A duk zaman da nake yi da manoma, daga Tarai zuwa Durba, ban gamu da wanda ya ji wannan labari ba, alhali su ne ke kwana a cikin gidan sauron, su ne kuma ke fesa maganin ƙwari a ruwan da tsutsar ke girma. Ɗalibaina suna haddace ma'anar DNA don jarrabawar WAEC da NECO, su rubuta ta daidai, su ci maki, su fita ba tare da ɗayansu ya taɓa ganin yadda ake ciro ta daga jikin halitta ba.

Shawarar da nake kawowa ita ce a sa ɗaliban kimiyya na sakandarenmu su kamo gizo-gizo daga gonakin iyayensu, a haɗa su da jami'o'in da ke kusa, su binciki ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a cikin jikinsa ta hanyar gwajin DNA. Na san yadda maganar ke sauka a kunne. Da na faɗe ta a gaban wani dattijo da muke iyakar gona, sai ya dube ni ya ce, "Malam, duk abin da ke damun ƙasar nan ba ka ga na bi ba sai gizo-gizo?" Na ce, "Baba, ba ni aron kunnenka tukuna." Irin aron nan nake nema wurin mai karatu.

A 1924 wasu masu bincike biyu a Amurka, Marshall Hertig da Simeon Burt Wolbach, suka ga wata ƙwayar bakteriya a cikin mahaifar ƙwan sauron gida. Daga baya, a 1936, Hertig ya raɗa mata sunan abokin aikinsa, Wolbakiya. Shekaru da dama ba wanda ya damu da ita. Sai da aka sami hanyar karanta DNA aka gane cewa tana cikin ƙwari iri-iri a duk faɗin duniya. Ƙiyasin masana ya bambanta, wasu sun ce kashi 40 cikin ɗari na nau'o'in ƙwari da danginsu, wasu sun haura 60, amma ko ƙaramin adadin aka ɗauka, maganar miliyoyin nau'o'i ake yi. Tana cikin malam-buɗe-littafi, tana cikin tururuwa da zanzaro da ƙuda, tana cikin gizo-gizo. Ba ta kama mutum, ba ta kama dabbar gida.

Abin da ya sa ta fita daban shi ne hanyar gadonta. A cikin ƙwayoyin jikin ƙwaro take zaune, kuma ta ƙwai take wucewa zuwa 'ya'ya. Uwa ce kaɗai ke gadar da ita. Idan ta faɗa jikin namiji, tafiyarta ta ƙare a nan. Saboda haka duk dabarunta na fifita mace ne. A wasu ƙwari takan kashe 'ya'ya maza tun suna cikin ƙwai, matan su sami abinci su wadata. A Yuganda an sami wani malam-buɗe-littafi da maza suka yi ƙaranci a cikinsa har mata ke taruwa wuri ɗaya suna jiran namiji. A wasu takan juya wanda aka halitta namiji ya tashi mace mai yin ƙwai. A wasu ƙananan zanzaro takan sa mace ta haihu ba tare da namiji ba. Dabara ta huɗu ita ce ta fi shahara: idan namiji mai ɗauke da ita ya sadu da macen da ba ta da ita, ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba, amma macen da ke da ita tana haihuwa da kowane namiji. Da haka, cikin 'yan zuriyoyi, masu ɗauke da ita sukan mamaye wuri. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa a aji, har yaran da ke gyangyaɗi a bencin baya sukan miƙe zaune. Ni ma har yau ban daina mamakin ikon Allah a cikin wannan halitta da ido ba ya gani ba.

To, me ya kawo gizo-gizo?

Dalili na farko, shi ne ma'aikacin da ba ma biya. Kundin da gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi ya haura nau'in gizo-gizo 50,000 tun 2022. A 2017 masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya yana cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Wanda ya shiga gonar shinkafa da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ya ga yanar gizo shimfiɗe daga ganye zuwa ganye, ya ga wani ɓangare na wannan aiki. Sauran yana ƙasa: akwai mai farauta da gudu wanda macensa ke yawo da jakar ƙwai a bayanta, akwai mai tsalle da ke kwanton ɓauna a jikin kara. A gaɓar tafkin Victoria a Kenya ma akwai wani mai tsalle da aka tabbatar ya fi son macen sauron da ta sha jini a kan kowane abinci.

Indunusiya ta koyi darajarsa da tsada. Lokacin da gwamnati ta riƙa ba manoman shinkafa maganin feshi da rangwame, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa ya ƙaru maimakon ya ragu, domin feshin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cinsa, shi kuwa ƙwansa yana ɓoye a cikin kara. A 1986 shugaba Suharto ya haramta amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa, aka koma koya wa manoma su shiga gona su ƙirga abokai da maƙiya kafin su ɗauki famfo. Mu a nan mun ga abin da ƙwaron sharon ya yi wa tumatir a Kadawa da Kura a 2016, mun ga tsutsar masara da ta shigo a shekarar, kuma amsarmu a kullum ɗaya ce: a ƙaro magani, a haɗa biyu ko uku a famfo ɗaya, a ba yaro ya goya ba takalmi ba abin rufe hanci. Ba na zargin manomi. Wanda ya ci bashi ya zuba a gona ba zai tsaya kallon tsutsa tana cinye masa jari ba. Amma ba wanda ya taɓa nuna masa abin da feshin ke kashewa bayan tsutsar.

Dalili na biyu, bakteriyar da ke cikin gizo-gizo tana taɓa wannan aiki nasa kai tsaye. Sara Goodacre, wata masaniya a Ingila, ta nuna a 2006 tare da abokan aikinta cewa Wolbakiya da 'yan uwanta irin su Riketsiya sun yawaita a cikin gizo-gizo. Bayan shekara uku suka fitar da abin da ya fi jan hankalina. Akwai ƙananan gizo-gizo da ke tafiya a iska: ya hau kan tsinin ganye, ya saki zare, iska ta ɗauke shi zuwa wata gona. Suka gano cewa matan wani nau'i da ke ɗauke da Riketsiya ba su cika son wannan doguwar tafiya ba, amma da aka ba su maganin da ya kashe bakteriyar sai suka fi tashi. Manomi ya duba wannan da kyau. Bayan girbi, ko bayan feshi, ko bayan an cinna wa kara wuta, gona takan zama fayau. Masu dawowa da fari su ne waɗannan matafiya. Ashe har saurin dawowar masu tsaron gonarka yana iya rataya a kan wata ƙwaya da ke cikin cikinsu. A Jami'ar Kentucky kuma, Jennifer White da ɗalibanta sun sami wani ɗan gizo-gizon gona da ke ɗauke da irin waɗannan baƙi har kala biyar a jiki ɗaya, wasunsu suna juya maza su koma mata. Duk wannan a ƙasashen sanyi aka gano shi. Namu na nan yana rayuwa cikin hunturu mai ƙura da bazarar da ke haura digiri 40, ya yi wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwan sama. Babu dalilin ɗauka cewa abin da ke cikinsa daidai yake da na Ingila.

Bari in ratse kaɗan, domin akwai wani bashi da gizo-gizo ke binmu. Mun tashi muna jin cewa tautau ne ke bi ta jikin mutum da dare ya bar masa ƙuraje masu ruwa a jere, masu raɗaɗi kamar ƙuna. Saboda haka da an gan shi a bango sai takalmi, in ban da wasu dattawa da ke hanawa saboda labarin kogon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake lokacin hijira. Likitocin fata sun daɗe da sanin wani mai wannan aika-aika: ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi, mai kama da tururuwa, wanda masana ke kira Paederus. Yana son wuri mai laima irin gonar shinkafa, yana kuma bin hasken fitila da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi. Idan ka murƙushe shi a fata ne ruwan jikinsa ke ƙona ka, shi ya sa ake cewa a hure shi kawai, in kuma an riga an murje shi a wanke wurin da sabulu nan take. Gubar nan ba ƙwaron ke haɗa ta ba. Wata bakteriya ce da ke zaune a jikin matan, dangin Sudomonas, kamar yadda binciken DNA ya nuna a 2002. Uwa takan zuba gubar a ƙwanta, kuma an gwada an gani cewa gizo-gizon ƙasa yana ƙin cin 'ya'yan da ke ɗauke da ita. Wato gubar da ake ɗora wa gizo-gizo laifinta, don a kore shi aka yi ta. Yaron da ya san wannan zai kai shi gida, kuma gidan zai amfana tun a daminar bana.

Shi kansa gwajin ba tsafi ba ne. Ana kama gizo-gizo a jefa shi a 'yar kwalba mai sinadarin ethanol, a rubuta rana da unguwa da irin gonar, da ko an yi feshi ko ba a yi ba. A ɗakin gwaji a ɗauki hotonsa, a yanki wani sashe na jikinsa a niƙa a cikin ruwan sinadari mai fasa ƙwayoyin halitta, a tace, a sami DNA a ɗigon ruwa. Wannan ɗigo ya ƙunshi ta gizo-gizon da ta duk abin da ke cikinsa, a cakuɗe. Sai a koma ga na'urar PCR, wadda sunanta ya shiga bakin kowa a lokacin korona. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya sami kyautar Nobel a 1993. Ana zuba wasu gajerun guntayen DNA da aka ƙera don su manne wa ta Wolbakiya ita kaɗai. Na'urar ta yi zafi zuwa wajen digiri 95, ta sauko, ta sake hawa zuwa 72, kuma a kowane zagaye abin da ake nema yana ninkuwa biyu. Zagaye 30 ya isa mayar da ƙwaya ɗaya fiye da biliyan. Daga nan a ɗiga samfurin a cikin wani daskararren sinadari, a sa masa wutar lantarki, a haska. Idan layi ya fito a inda ake sa ransa, akwai alamar bakteriyar. Ana kuma gwada wani yanki na DNA ɗin gizo-gizon kansa, don a tabbatar cewa tacewar ta yi kyau, kuma idan aka karanta wannan yanki yana taimakawa wajen gane nau'insa, hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya yaɗa tun 2003.

A nan ne gizo-gizo ya zama malami na musamman, domin yana da tarko. Shi mafarauci ne. Idan jiya ya ci ƙuda mai Wolbakiya, ka niƙa cikinsa yau, layi zai fito, ka yi ta murna ka gano abu, alhali abincinsa ka gwada. Dole ɗalibi ya yi tunani: in gwada ƙafa dabam, ciki dabam? In ajiye shi kwanaki ba abinci kafin in gwada? In sami mace mai jakar ƙwai in duba 'ya'yan da ba su taɓa cin komai ba? Dole ya sa kwalbar da ba komai cikinta sai ruwa, idan ita ma ta nuna layi ya san hannunsa ko kayan aikinsa sun gurɓata, ya zubar da aikin yini guda ya sake. Manyan masana ma sun sha wannan gardama. A 2014 aka ba da rahoton samun Wolbakiya a cikin sauron maleriya a Burkina Faso, daga baya a Mali, duniya ta yi ta zumuɗi. A 2019 wasu masana biyu, Ewa Chrostek da Michael Gerth, suka ce a dakata, abin da aka gani ya yi ƙanƙanta ƙwarai, yana iya zama saura daga abin da tsutsar ta ci ko daga wani ƙwaro da aka kama tare. Sai a 2021 aka sami hujja mai ƙarfi, ita ma a wasu nau'o'i biyu na daban a tsakiya da gabashin Afirka. Yaron da ya zauna da irin wannan shakka, ya koyi tambayar "ta yaya ka sani?", ya sami abin da zai yi masa amfani ko da ya ƙare a kasuwa ko a siyasa. Irin wannan yaro ba a tura masa saƙon murya a WhatsApp ya yarda nan take.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna.

Wolbakiya ta riga ta shiga harkar lafiyarmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Tsutsar da ke jawo tundurmi da gwaiwa, da wadda baƙin ƙudan bakin kogi ke yaɗawa tana makantar da mutane, dukansu ba sa rayuwa sosai sai da Wolbakiya a cikinsu. Maganin Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa tana iya shekara goma ko fiye a jikin mutum, shi ya sa ake maimaita rabon duk shekara. Achim Hoerauf da abokan aikinsa a Ghana sun nuna tun wajen 2000 cewa idan aka ba majinyaci doxycycline na makonni, bakteriyar ta mutu, uwar tsutsar takan daina haihuwa. Wannan aikin likita ne, ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, kada wani ya karanta ya nufi kemis. Na kawo shi ne don a ga cewa ilimin abin da ke cikin ƙwaro yana ƙarewa a gadon asibiti.

Sai kuma sauro. Scott O'Neill da tawagarsa a Ostareliya sun sa Wolbakiya a cikin sauron Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi, suka ga ƙwayar cutar ba ta iya hayayyafa sosai a cikinsa. A 2011 suka fara sakinsa a kusa da birnin Cairns. A Yogyakarta ta Indunusiya, gwajin da Adi Utarini ta jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya nuna dengi ya ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya asibiti kuma ta ragu da kashi 86. Barazil ta rungumi abin har ta gina masana'antar ƙyanƙyasar sauro. Wannan dabara ba ta kai ga maleriya ba tukuna, kuma ita ce babbar damuwarmu, tunda Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Amma ana kan neman makamanciyarta: a Kenya, cibiyar icipe ta bayyana a 2020 cewa wata ƙwaya da ke zaune a cikin sauron Anofilis tana hana shi ɗaukar maleriya. Dengi kuma ba baƙo ba ne, an tabbatar da ɓarkewarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023.

Saboda haka ina da yaƙinin wata rana mota za ta tsaya a ƙofar fadar Rano ko gidan hakimin Kibiya, a sauke akwatuna, a ce an zo sakin sauro don maganin cuta. Mai karatu ya san abin da zai biyo baya. Mu ne mutanen da aka gwada wa 'ya'yansu maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano lokacin sanƙarau na 1996, kuma tabon bai warke ba. Mu ne kuma muka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Tsoron yana da tushe, kuma abin da tsoron ya jawo ya yi muni. Duka biyun gaskiya ne. Ba mu kaɗai ba ne. A tsibirin Bali an ɗage sakin sauro mai Wolbakiya a 2023 saboda jama'a sun tayar da ƙayar baya, duk da sakamakon Yogyakarta yana cikin ƙasarsu. A Agustan 2025 gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da shirin Target Malaria, wanda shi sauron da aka sauya wa ƙwayar halitta yake saki, abin da ya bambanta da na Wolbakiya, ko da yake a bakin jama'a duk sauron Bature ne.

Ba ina cewa a karɓi duk abin da aka kawo ba. Ina so ranar da aka zo, a sami mutanen gari da za su iya titsiye masu akwatin da tambaya: wane iri ne kuka sa? An san cewa irin da aka fi amfani da shi yana raunana idan zafi ya tsananta, shi ya sa Malesiya ta zaɓi wani mai jure zafi, to naku zai kai watan Afrilu a Kibiya? Wa zai ci gaba da dubawa bayan kun tafi? A kuma sami wanda zai tashi a masallaci bayan an idar da salla ya ce, "Jama'a, wannan ƙwaya ni da hannuna na same ta a gizo-gizon gonar babana, ta daɗe tare da mu." Da ɗan gari akan ci gari. Maganar ɗan unguwa da ya gani da idonsa ta fi tallan rediyo na wata shida.

Na dawo ga tambayar dattijon, domin tana da nauyi. Akwai ajujuwan da yara ke zaune a ƙasa, akwai ɗakin gwajin da ba ruwa ba wuta, kwalaben da ke ciki sun bushe tun kafin a haifi ɗaliban. Wanda ya ce a fara da benci da rufin kwano bai yi kuskure ba. Sai dai abin da nake nema ba gini ba ne, ba kuma kwangila ba. Na'urorin suna nan. An yi gwajin korona da PCR a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero tun 2020. Jami'ar tana da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ga ofishin IITA a Kano. A kowace shekara ɗaliban digiri na biyu suna neman abin da za su yi bincike a kai da kuma wanda zai tattaro musu samfuri daga ƙauye. Mu kuma muna da yara masu ƙafa da ido, waɗanda suka san kowace kunya da kowane kwazazzabo. Tsarin ma ba sabo ba ne. Seth Bordenstein da Sarah Bordenstein sun daɗe suna gudanar da shirin da ɗaliban sakandare ke kama ƙwari su nemi Wolbakiya a cikinsu, yanzu daga Jami'ar Penn State, kuma darussan suna intanet. Akwai ƙananan na'urorin PCR da ke shiga jakar goyo, waɗanda batirin sola ya ishe su. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, lokacin da wasu ke ganin ɗan talakan ƙauye ba zai iya zama likita ko injiniya ba, ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Ga mai cewa binciken ba shi da amfanin yau, sinadarin da ke sa na'urar PCR aiki a cikin wannan zafi daga wata bakteriya aka samo shi, wadda Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka ciro daga maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a shekarun 1960. Freeze a lokacin ko digirin farko bai gama ba. Ba su san korona ba, ba su san gwajin tantance uba ba.

Ina da sharuɗɗa, kuma ba na sassauta su. Yaran su je ɗakin gwajin da kansu, mata da maza, su sa safar hannu su riƙe abin ɗiga ruwan. Kada a mayar da su 'yan aiken kamo ƙwari. Sunan makarantarsu ya fito a duk takardar da aka buga. Rabin kowane samfuri ya zauna a Kano, da lambarsa da hotonsa, kada a kwashe duka zuwa waje. Sakamakon kuma, ko an samu ko ba a samu ba, a dawo da shi da Hausa, a karanta shi a gaban iyayen yara da masu unguwanni da malaman gona na KNARDA, tare da ƙidayar gizo-gizon da aka samu a gonar da aka fesa da wadda ba a fesa ba. Wannan ƙidaya ko na'ura ba ta buƙata, kuma ita manomi zai fara tambaya.

Hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Kibiya da Rano za su iya farawa da makaranta biyu da sashe ɗaya na jami'a. Kamun farko a yi shi a Satumba da Oktoba, dawa ta yi kai, gizo-gizo ya cika gona. Na biyu a Maris da Afrilu, a fadamu da gonakin rani, lokacin da zafi ya kai maƙura, domin a ga ko abin da aka samu da damina yana nan ko ya ɓace. Ɗaliban aji biyu na babbar sakandare su ya kamata a ba, saboda suna da shekara guda a gaba da za su ga zagayen biyu, su kuma koya wa na bayansu kafin su fita.